Ziyarar Ƙauyukan Zagori a Duwatsun Girka: Tambayoyi da Amsoshi

Idan aka ambaci Girka, abin da ke faɗo wa yawancin mutane shi ne teku da tsibirai masu fararen gidaje. Amma mafi yawan ƙasar duwatsu ne, kuma a cikinsu akwai ƙauyukan da ba su yi kama da waɗancan hotuna ba ko kaɗan. Tambayoyin da ke ƙasa su ne masu shirin zuwa yankin Zagori suka fi maimaitawa, musamman ɗalibai da ma'aikatan da ke zaune a Turai da kuma masu tasowa daga gida.

Ina ne Zagori, kuma me ya sa ake yawan ambatonsa?

Zagori yanki ne a arewa maso yammacin Girka, a lardin Epirus, cikin jerin duwatsun Pindos, kusa da iyakar Albaniya. Ƙauyuka 46 ne warwatse a bayan dutsen Mitsikeli, wanda ya raba su da birnin Yanina (a tikiti da taswira za ka ga an rubuta Ioannina). Waɗanda baƙi suka fi sani su ne Monodendri, Vitsa, Dilofo, Kipi, Kapesovo, Tsepelovo, Aristi da Papingo biyu, babba da ƙarami.

Komai a nan da dutse aka yi shi: bango, rufi, daɓen hanya, gada, har wurin shan ruwa. A shekarar 2023, a taron da aka yi a Riyad, hukumar UNESCO ta sa yankin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Tun kafin nan, a 1973, an riga an keɓe kwazazzabon Vikos da kogin Aoos a matsayin gandun ƙasa.

Wace biza ake buƙata?

Girka tana cikin ƙasashen Shengen, saboda haka mai fasfon Nijeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi ko Sudan yana buƙatar bizar Shengen ta gajeren zama, wadda ba ta wuce kwana 90 cikin kwana 180. Tun watan Yunin 2024 kuɗin neman ta Yuro 90 ne ga babba. Ana neman inshorar lafiya ta tafiya da ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin dawowa, da bayanan asusun banki. Girka tana da ofishin jakadanci a Abuja. A ƙasar da ba ta da shi, wata ƙasar Shengen ce kan karɓi takardu a madadinta.

Wanda yake da takardar zama a Jamus, Faransa, Italiya ko wata ƙasar Shengen ba ya buƙatar sabuwar biza. Fasfonsa da katin zamansa sun isa.

Ta ina ake bi a isa can?

Daga Yammacin Afirka yawanci ana sauya jirgi a Istanbul, Alƙahira ko Addis Ababa a sauka Atina, babban birnin Girka. Daga Atina akwai jirgin cikin gida zuwa Yanina, tafiyar kusan awa ɗaya. A mota kuwa ya haura kilomita 400, ana haye babbar gadar Rio-Antirio da aka buɗe a 2004, a kama titin Ionia Odos zuwa arewa. Awa huɗu zuwa biyar. Wanda ya sauka Tasalonika ya fi samun sauƙi, domin titin Egnatia zai kai shi Yanina cikin kusan awa uku. Bas-bas ɗin KTEL, masu jigila tsakanin birane, suna bin hanyoyin biyu kullum.

Daga Yanina zuwa Monodendri kusan kilomita 40 ne, zuwa Papingo kusan 60. Kada tazarar ta ruɗe ka. Hanyar dutse ce, kwana a kan kwana, kuma daga gadar Aristi zuwa Papingo sitiyari ba ya hutawa a hannun direba.

Dole ne sai na yi hayar mota?

Kusan dole ne. Bas na shiga wasu ƙauyukan, amma ba kullum ba, kuma lokacinsa an tsara shi ne don mazauna masu zuwa birni asibiti ko kasuwa, ba don baƙo ba. Tasi daga Yanina tana nan, sai dai kuɗinta na taruwa da sauri. Idan za ka yi haya, ka zo da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da naka na gida. A hannun dama ake tuƙi. Ka cika tanki tun a Yanina ko Kalpaki, don gidajen mai ba su da yawa a sama.

Amma motar ta kai ka bakin ƙauye kawai. A Dilofo mota ba ta ma shiga cikin gari, a waje ake ajiye ta. Sauran ƙauyukan ma lungunansu an yi su ne don mutum da alfadari. Duba amsar da ta yi magana a kan tafiyar ƙafa.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Mayu zuwa Yuni, sai Satumba zuwa Oktoba. A Mayu da Yuni ƙasa ta yi kore, koguna da ruwa, rana ba ta da zafi. A Oktoba ganyen daji kan rikiɗe ja da rawaya, kuma dare ya fara sanyi sosai. Yuli da Agusta lokacin bukukuwa ne, 'yan asalin ƙauyukan da ke zaune a Atina da ƙasashen waje suna dawowa, masauki na wuya. Daga Disamba zuwa Maris dusar ƙanƙara na sauka, wasu hanyoyi na buƙatar sarƙar taya, kuma hawan manyan duwatsu ba na wanda bai saba ba ne.

Monodendri ya haura mita 1,000 sama da teku, Vradeto ya haura 1,300. Ko a tsakiyar Agusta ka zo da rigar sanyi. Ruwan sama ma ba ya sallama a Epirus, yana cikin yankunan da suka fi samun ruwa a duk ƙasar.

Kwana nawa ya kamata in yi, kuma a wane ƙauye zan sauka?

A nan ne mutane suka fi yin asara. Da yawa sukan taso daga Yanina da safe, su zaga ƙauye shida, su ɗauki hoto a kowace gada, su koma birni kafin magariba. Sun je, amma ba su ga Zagori ba, domin da rana tsaka ƙauyen kusan rufe yake: tagogi a kulle, dandali babu kowa. Rayuwarsa tana fitowa ne da sassafe, lokacin da mai burodi ya iso da motarsa, da kuma yamma lis, lokacin da tsofaffi suka hallara a ƙarƙashin bishiya.

Shawarata ita ce ka zaɓi ƙauye ɗaya ka kwana uku aƙalla. Monodendri ko Vitsa sun dace da mai son kwazazzabon Vikos. Kipi da Dilofo da Koukouli suna tsakiyar tsofaffin gadoji. Papingo na mai niyyar hawan dutse ne, kuma ya fi sauran cika da baƙi. Tsepelovo ya fi su kama da garin da mutane ke zaune a cikinsa duk shekara. Wanda ya kwana uku a wuri ɗaya, a rana ta biyu mai shagon kofi ya san fuskarsa, a rana ta uku kuma an fara tambayarsa daga ina yake da kuma lafiyar iyalinsa.

Yaya masauki yake?

Mafi yawa tsofaffin gidajen attajirai ne aka gyara, ana kiransu ksenonas. Ɗakuna kaɗan ne, iyali ɗaya ke riƙe da su. Bangon dutse mai kauri, silin na katako, murhu a ɗaki, da dakalin katako mai faɗi a gefen murhun inda mutanen dauri suke kwana lokacin sanyi. Karin kumallo na cikin kuɗin ɗaki a mafi yawan wurare.

Abu biyu da kan ba baƙo mamaki. A banɗakuna da yawa ba a jefa takarda cikin masai, akwai ɗan kwando a gefe, saboda bututun siriri ne. Kuma ba za ka tarar da buta ba, sai ka yi tanadin taka ko ka yi amfani da gorar ruwa. Kati yana aiki a masauki da gidajen abinci, amma injin cirar kuɗi ba ya samuwa a mafi yawan ƙauyuka, don haka ka riƙe 'yan Yuro a aljihu.

Wa ya gina irin waɗannan gidaje a wurin da ko gona ta kirki babu?

'Yan ci-rani ne. Lokacin da Turkawan daular Usmaniyya suka karɓi Yanina a 1430, ƙauyukan Zagori sun yi yarjejeniya da su: za su biya abin da aka ɗora musu, amma su riƙa gudanar da harkokinsu da kansu. Wannan gata ya ɗore har 1868. Ƙasar ba ta iya ciyar da mutanenta, sai maza suka riƙa fita fatauci zuwa Istanbul, Romaniya, Rasha da Masar, wani ya yi shekaru bai dawo ba. Mata ne suka riƙe gida da gona da dabbobi.

Wanda Allah ya buɗa masa a waje, sai ya aiko da kuɗi a gina wa garinsu makaranta, coci, rijiya ko gada. Shi ya sa gadoji da yawa ke ɗauke da sunan wanda ya biya kuɗin aikin. 'Yan'uwa biyu daga Monodendri, Manthos da Georgios Rizaris, sun yi arziki a Rasha, kuma dukiyarsu ce ta kafa makarantar Rizarios a Atina. Har yau akwai cibiyar koyar da saƙa da ɗinki mai sunansu a Monodendri. Magina kuwa ƙungiya-ƙungiya suke zuwa, da yawansu daga ƙauyukan da ke kusa da Konitsa, inda gini ya zama sana'ar gado.

Yanina da kewayenta sun shiga ƙasar Girka ne a 1913. Bayan haka yaƙi ya biyo: an gwabza da sojojin Italiya a Kalpaki a Nuwambar 1940, sojojin Jamus sun ƙona ƙauyuka da dama a lokacin mamaya, sannan yaƙin basasa na 1946 zuwa 1949. Mutane suka watse zuwa birane. Yau mazaunan dukan yankin ba su kai 4,000 ba. Wannan ne dalilin shirun da za ka ji a lunguna, kuma ya kamata baƙo ya san cewa gidan da ya gani a rufe yana da masu shi da ke kewarsa a wani wuri.

Me zan gani idan na yi tafiyar ƙafa?

Tsohuwar hanyar da ta haɗa ƙauye da ƙauye ana ce mata kalderimi. Ka tsaya ka dube ta da kyau. Duwatsun ba kwance aka shimfiɗa su ba, a tsaye aka kafa su gefe da gefe, kuma bayan kowane taku biyu ko uku akwai layi ɗaya da ya ɗan ɗago, domin kofaton alfadari mai kaya ya samu abin tokarewa idan ƙasa ta jiƙe. Ɗaga kai kuma ka ga rufin gidaje: falalen dutse ne aka jera ɗaya kan ɗaya, nauyinsu ne ke riƙe da su.

Kusa da Kipi akwai gadar Kokkori mai baka ɗaya, ta 1750, tsakanin duwatsu biyu, da gadar Kalogeriko ko Plakida mai baka uku, ta 1814. Ana iya zaga gadojin wannan yanki cikin rabin yini ba tare da wahala ba. Daga Kapesovo kuwa ana hawa Matakalar Vradeto, matakai sama da 1,000 da aka gina a jikin dutse, waɗanda su ne hanyar shiga ƙauyen har sai da titi ya iso a shekarun 1970. Daga Vradeto ɗan tattaki kaɗan zai kai ka Beloi, inda ake hango kwazazzabon gaba ɗaya.

Kwazazzabon Vikos fa, kowa na iya ratsa shi?

Kallonsa na kowa ne. Daga dandalin Monodendri tafiyar kamar minti goma sha biyar ce zuwa gidan ibadar Agia Paraskevi, ginin farkon ƙarni na 15 da ke maƙale a bakin ramin. Oksia kuma, wani wurin kallon kwazazzabon, mota na kaiwa kusa. Zurfin ya kai kusan mita 900 a wasu wurare, kuma littafin Guinness ya taɓa lissafa shi a matsayin mafi zurfi a duniya idan aka gwada da faɗinsa. Wasu wuraren kallo ba su da shinge, a riƙe hannun yara.

Ratsa shi wani abu ne daban. Daga Monodendri zuwa ƙauyen Vikos kusan kilomita 12 ne, awa shida ko fiye, da gangara mai tsanani a farko da hawa mai tsanani a ƙarshe. Ana buƙatar takalmin kirki, ruwa mai yawa, da fita tun da sassafe. Waya na ɗaukewa a ciki. Ka gaya wa mai masaukinka inda za ka da lokacin da kake sa ran fitowa, ka kuma shirya wanda zai ɗauko ka, tunda ba inda ka ajiye mota za ka ɓulla ba. A ƙarshen hanyar ne kogin Voidomatis ke ɓuɓɓugowa, garai-garai, da sanyin da ko a Agusta ƙafa ba ta daɗewa a ciki.

Masu ƙarfi kan hau daga Ƙaramin Papingo zuwa masaukin mahaya na Astraka, kusan awa uku, su wuce tafkin Drakolimni da ke mita 2,050. Gara a kwana a masaukin da a yi gaggawar sauka cikin duhu.

Akwai haɗarin namun daji?

Akwai beyar da kyarkeci a dajin Pindos, amma suna gudun mutum, da wuya ka gan su. Macizai na fitowa lokacin zafi, sai a lura da inda ake sa hannu. Abin da ya fi su zama matsala shi ne karnukan makiyaya. Sarakatsani da Vlach makiyaya ne da ke hawa da tumaki sama idan zafi ya zo su sauka kwari idan sanyi ya matso, kamar yadda Fulani ke bin ruwa da ciyawa, kuma karnukansu manya ne da aka horar don kyarkeci. Idan ka hango garke, ka kewaye shi daga nesa. Kada ka yi gudu, kada ka ratsa tsakiyar tumaki, ka kira makiyayin. Lambar gaggawa 112 ce.

Musulmi zai samu abin da zai ci?

Zai samu, amma sai da tambaya. Babu mahaucin halal a ƙauyukan, kuma alade na cikin girki: tsiren da ake kira kontosuvli sau da yawa nasa ne, haka tsiran-alade na lukaniko, kuma ana dafa naman aladen daji. Miyar nama ma akan zuba mata ruwan inabi mai sa maye. Kalmomi biyu za su taimake ka: "horis hirino", ba alade, da "horis krasi", ba giya.

Sa'ar ita ce abincin Zagori na asali ba na nama ba ne. Pita ce sarauniya, wato waina mai faɗi da ake gasawa a faranti, da ganye ko cuku a ciki. Alevropita siririya ce, gari da cukun feta da man shanu, ana kawo ta da zafinta gefenta ya soyu. Akwai miyar wake fasolada, da manyan wake da aka gasa da ganye, da kifin kogi, da madara mai kauri da zuma. Kiristocin Girka ma suna da azuminsu, kuma abincin azumi, nistisimo, ba nama ba madara ba ƙwai. Faɗin wannan kalma na saurin fahimtar da mai abinci.

Mai gida na iya miƙo maka ɗan ƙaramin kofi na tsipuro, barasa ce mai ƙarfi, fara kamar ruwa. Ka dafa ƙirji ka ce "efharisto", ka nemi shayin dutse. Ba wanda zai ji haushi. Abin da bai kamata ka ƙi ba shi ne ɗan zaƙin cokali: 'ya'yan itace da aka dafa da sukari, cokali ɗaya tak a ƙaramin faranti, da kofin ruwan sanyi a gefe. Da shi ake karɓar baƙo.

Salla fa?

Babu masallaci a ƙauyukan Zagori. A Yanina akwai biyu a cikin ganuwar tsohon birni, na Aslan Pasha da aka gina a 1618 da na Fethiye da ke kusa da kabarin Ali Pasha, tsohon mai mulkin Yanina, wanda aka kashe a 1822 a tsibirin da ke tafkin birnin. Dukansu yanzu gidajen tarihi ne, ba a jam'i a ciki, amma sun cancanci ziyara. A Atina akwai masallacin Votanikos da aka buɗe a 2020.

A ɗakinka za ka yi salla, ko a gefen hanya idan kana daji. Alƙibla kudu maso gabas take. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare, don haka ka saita manhajar lokutan salla da garin da kake. Agogon Girka na gaban na Nijeriya da Nijar da awa biyu lokacin zafi, awa ɗaya lokacin sanyi.

Waɗanne ladubba ne ya kamata in kiyaye?

Gaisuwa tukuna. "Kalimera" da safe, "kalispera" da yamma, "yasas" ga babba a kowane lokaci. Shiga shagon kofi ba gaisuwa abin kunya ne a ƙauye. Tsakiyar kowane gari akwai dandali da tsohuwar bishiyar platanos da coci. Nan ne majalisar gari, kuma kofi ɗaya ya ishe ka zama awa biyu ba wanda zai tashe ka. Daga wajen ƙarfe uku zuwa biyar da rabi na rana lokacin hutu ne, ba a hayaniya.

Miƙa wa mutum tafin hannu da yatsu biyar a buɗe zagi ne a Girka, daidai da daƙuwa, don haka a kula ko wajen nuna "biyar" ko tsayar da mota. Ɗaga haɓa sama kuwa "a'a" ne. Cikin coci a rufe kafaɗa da gwiwa, namiji ya cire hula, kuma a nemi izini kafin ɗaukar hoto. Haka ma hoton tsofaffi a dandali.

Baƙar fata ba ya yawa a waɗannan duwatsu, za a kalle ka. Yawanci kallon son sani ne, kuma gaisuwa ɗaya da harshensu ke mayar da shi hira.

Zan iya halartar bikin ƙauye?

Ƙwarai. Ana kiransa panigiri, kowane ƙauye na yin nasa a ranar waliyyin cocinsa: 20 ga Yuli, 26 ga Yuli, da babbar rana ta 15 ga Agusta. Da safe ibada, da dare a cika dandali da tebura. Abin busa na klarino ne ke jan ragama, kuma kiɗan Epirus a hankali yake tafiya, da nauyi, sau da yawa da waƙar makoki ake buɗewa, ta tunawa da matattu da waɗanda suka tafi ci-rani ba su dawo ba. Ana rawa cikin da'ira, iyali bayan iyali, kuma wanda ke gaba shi ya biya makaɗa. Kada ka shiga gaban layi. Idan an jawo ka, ka kama daga ƙarshe. Ana shan giya a wurin, wanda hakan ya dame shi sai ya zo da wuri ya tafi da wuri. Masauki a waɗannan ranaku sai an kama tun watanni kafin lokacin, kamar yadda aka faɗa a amsar lokacin zuwa.

Me zan sayo na tsaraba?

Shayin dutse, zuma, busasshen ganyen miya, da zaƙin cokali a kwalba. Yankin ya daɗe da suna a kan ganyayyaki, domin a ƙarni na 18 da na 19 masu maganin gargajiya na Vikos sun yi ta yawo da su har ƙasashen maƙwabta. Ka saya a hannun mazauna, kada ka tsinka da kanka, tunda cikin gandun ƙasa kake. Saƙa da ɗinkin hannu suna cibiyar Rizarios ta Monodendri, kayan azurfa kuwa sai Yanina, inda maƙeran farfaru suka yi ƙarnuka suna aiki. Zuma da zaƙi a sa su cikin babbar jaka da za a auna, don ba za a bar su su wuce a jakar hannu ba.